Rediyon Jami'a Da Sharhin Wasanni: Darasi Daga Kano Da Zariya Zuwa El Alasan Mairairai

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji, amma mu da Allah ya ɗora wa abincinmu a bakin makirho mun san cewa a aikinmu ji ne ke tsaya wa gani. Mutumin da ke zaune gindin gawo a ƙauye da ɗan akwatin rediyonsa bai ga filin ƙwallo ba, bai ga dandalin kokowa ba, idanunsa su ne bakin mai sharhi. In mai sharhi ya iya, mai saurare ya ga wasa. In kuwa bai iya ba, sai ihu da hayaniya kawai su isa kunnensa, a tashi bai san wanda ya ci ba balle yadda aka ci.

Dalilin da ya sa ke nan a wannan karo muka ga ya dace mu leƙa wata makaranta da ba kowa ya san da ita ba a wannan yanki namu, wato rediyon jami'a, inda ɗalibai ke koyon aikin watsa labarai tun suna kan benci, musamman ma fannin wasanni. Za mu duba yadda abin yake a Kano da Zariya, makwabtanmu na kudu, sannan mu dawo gida mu tambayi kanmu abin da irin wannan tasha za ta iya tsinana wa matasan kwamin ɗin El Alasan Mairairai da sauran garuruwan gundumomin Mayahi da Tasawa.

Mece ce rediyon jami'a?

Rediyon jami'a tasha ce da makaranta ta mallaka, ba don neman riba ba, sai don abu biyu: koyar da ɗalibai aiki a aikace, da kuma yi wa al'ummar da ke cikin makarantar da kewayenta hidima. Malamai da wasu ƙwararrun ma'aikata ne ke sa ido, amma yawancin muryoyin da ake ji na ɗalibai ne. Su ke zuwa neman labari, su rubuta, su karanta, su riƙe na'urar haɗa sauti, in an yi kuskure kuma malami ya zaunar da su bayan shiri ya nuna musu inda suka kauce.

A Afirka ta Yamma, ɗaya daga cikin tashoshin farko irin wannan ita ce Radio Univers ta Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda ta fara aiki a ƙarshen 1994. A Najeriya kuwa Jami'ar Legas ce ta buɗe ƙofa. Ta samu lasisi a 2002, zamanin shugaba Olusegun Obasanjo, ta kuma fara watsa shirye-shirye a 2004 a kan mita 103.1. Daga nan ne hukumar NBC mai kula da kafofin watsa labarai ta ƙasar, wadda aka kafa a 1992, ta ci gaba da ba wasu manyan makarantu irin wannan izini.

A ƙasar Hausa tashoshi biyu ne suka fi fitowa fili. Ta farko ita ce BUK FM ta Jami'ar Bayero da ke Kano, a kan mita 98.9. Wannan jami'a ta zama mai cin gashin kanta a 1977, kuma sashenta na koyar da aikin jarida na daga cikin mafiya daɗewa a arewacin Najeriya. A 2015 aka ɗaga darajar fannin zuwa tsangaya guda ta sadarwa, inda Farfesa Umaru Pate ya zama shugabanta na farko, kuma gidauniyar MacArthur ta Amurka ta taimaka wa tsangayar da kayan aikin rediyo da talabijin na zamani. Ta biyu ita ce tashar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, a kan mita 101.1, a jami'ar da aka kafa tun 1962.

Waɗannan tashoshi ba a daji suke ba. Ɗalibin Kano yana koyo ne a birnin da rediyo ta yi ƙarfi matuƙa, inda tun da Freedom Radio ta buɗe a ƙarshen 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yi ta ƙaruwa. Birni ne kuma na Kano Pillars, ƙungiyar da aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, sannan sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014, kuma a cikinta Ahmed Musa ya yi suna kafin ya tafi Turai. Ga filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, ga gidan dambe a Sabon Gari. Su kansu jami'o'in suna da gasarsu ta ƙasa, wato NUGA, da aka fara a Ibadan a 1966, ban da wasannin da ake bugawa tsakanin tsangayoyi da sassa a cikin kowace makaranta. Ke nan ɗalibin da ke son sharhin wasanni yana da fili, yana da makirho, yana kuma da kasuwar da za ta ɗauke shi in ya kammala.

Me ya sa wasanni?

Wani zai ce, duk abubuwan da suka dami talaka, tsadar hatsi da matsalar tsaro da rashin aikin yi, sai batun ƙwallo da kokowa? Amsar ita ce tun farkon rediyo a duniya wasanni suke tafiya tare da ita, kuma ba banza ba.

Ranar 8 ga Oktoba 1921, tashar KDKA ta birnin Pittsburgh a Amurka ta watsa wasa kai tsaye tsakanin jami'ar birnin da ta West Virginia, a irin ƙwallon nan tasu da ake runguma ana gudu. A lura, wasan ɗalibai ne. A Ingila kuwa, ranar 22 ga Janairu 1927 BBC ta yi sharhin ƙwallon ƙafa na farko kai tsaye, Arsenal da Sheffield United, aka tashi kunnen doki ɗaya da ɗaya. Saboda tsoron kada masu saurare su kasa gane inda ƙwallo take, sai aka buga taswirar filin a mujallar gidan rediyon, aka raba ta gida takwas kowane da lambarsa. Mutum ɗaya na ba da labarin wasa, na biyu na faɗin lambar gidan da ƙwallo ta shiga. Yau an daina wannan dabara, amma matsalar da ta so warwarewa tana nan: yaya za ka sa wanda ba ya nan ya gani?

A can Amurka, tashoshin jami'a sun zama kamar gidan renon masu sharhi. Tashar WAER ta Jami'ar Syracuse, da aka buɗe a 1947, ita ta yaye Marv Albert da Bob Costas. Tashar WFUV ta Jami'ar Fordham kuma a nan Vin Scully ya fara, mutumin da ya shekara 67 yana yi wa ƙungiya guda sharhi, daga 1950 zuwa 2016.

Sirrin abin shi ne, babu darasin da ya tattara aikin rediyo wuri guda kamar sharhin wasa kai tsaye. Mai karanta labarai yana da takarda a gabansa. Mai shirin gaishe-gaishe in magana ta ƙare masa sai ya saka waƙa. Mai sharhi kuwa ba shi da mafaka. Minti 90 ne, ko fiye, yana magana a kan abin da shi kansa bai san yadda zai ƙare ba. Dole ya faɗi gaskiya, domin dubban mutane na filin suna ganin abin da yake gani, gobe kuma za su ƙaryata shi a majalisa. Dole ya yi adalci, domin ɓangarori biyu ne ke sauraronsa. Dole ya kiyaye sunaye da lissafi. Yaron da ya iya wannan, ranar da aka tura shi taron siyasa, ko wurin gobara, ko kasuwar dabbobi, ba zai ruɗe ba.

Yadda ake aikin

Mutane da dama na zaton sharhi baiwar baki ce kawai. Baki na da ranarsa, amma rabin aikin ana gama shi ne tun kafin a hura usur. Ɗalibin da aka ba wasa zai je wurin masu horarwa na ɓangarorin biyu tun da wuri ya karɓi sunayen 'yan wasa da lambobinsu, ya tambayi yadda ake furta kowane suna da laƙabin da aka fi sanin mai shi da shi. Zai zana fili a babbar takarda ya ajiye kowane suna a gurbinsa. Zai nemi sakamakon haɗuwar da suka yi a baya, ya san wanda ke jinya da wanda aka dakatar. Zai je filin ya duba inda zai zauna, inda rana ba za ta haske masa ido ba, inda kuma layin salula ke kamawa.

A lokacin wasa akwai ƙa'idar da kowane malamin rediyo ke nanatawa: maimaita sakamako da minti a kai a kai. Mai saurare ba ya nan tun farko. Wani yanzu ya dawo daga rijiya, wani ya sauko daga kabu-kabu, wani yanzu ya samu batir. In ya yi minti biyar bai ji ko nawa da nawa ake ba, ya murɗa akwatinsa gaba. Na biyu, faɗi inda ƙwallo take kafin ka faɗi ra'ayinka. Na uku, kada ka ƙare muryarka a mintin farko, ka rage wadda za ka ɗaga in an jefa ƙwallo a raga. Na huɗu, in ba ka ga abu ba, kada ka ƙaga shi.

Galibi mutum biyu ake haɗawa, ɗaya na bin ƙwallo, ɗaya na bayani in wasa ya lafa. Akwai na uku a ɗakin watsa shiri, wanda ke riƙe da layi, in waya ta katse ya cike gurbin har a dawo. Kayan aikin yau ba su da yawa: wayar salula mai kyau, abin sawa a kunne, batirin ajiya, da kuɗin kira. Bayan wasa sai a je a ji ta bakin wanda ya ci da wanda aka ci, a rubuta taƙaitaccen rahoto don labaran dare. Washegari kuma, wanda shi ne babban bambancin rediyon jami'a da sauran tashoshi, a zauna da malami a sake sauraron abin da aka naɗa, a gyara.

Mu da yawanmu a nan Nijar da takardar bak muka shiga wannan aiki, a bakin aiki kuma muka koya, muna kallon na gaba da mu. Hanya ce mai kyau, ta kuma fitar da gwanaye. Sai dai tana da tsawo, kuma na gaba ba kullum yake da lokacin zama ya saurari kasetin ƙaramin ma'aikaci ba. Abin da mutum zai shekara biyar yana laluben sa, makaranta na iya nuna masa a zango guda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Batun harshe

Akwai wani amfani da ba a cika ambata ba, shi ne gina harshe. Duk mai sauraron sassan Hausa na manyan gidajen rediyon duniya da tashoshin Najeriya ya saba da kalmomi irin su bugun daga kai sai mai tsaron gida, bugun kusurwa, bugun tazara, satar gida, hutun rabin lokaci, katin gargaɗi, jan kati, canjaras. Waɗannan kalmomi ba daga sama suka faɗo ba, ma'aikatan rediyo ne suka ƙera su, jama'a suka karɓa. A wajenmu kuwa, da yake da Faransanci muka yi lakkwal, sai ka ji mai sharhi na cewa arbit ya ba da penalti, gardiyan ya fita, an tafi mitan, an kama shi orje. Matashin birni ya gane. Amma tsohon da ke Cake ko Isawan, da uwargidan da ke sauraro tana daka, an bar su a baya.

Ba muna cewa a kori kowace kalmar aro ba ne, domin harshe mai rai dole ya ara. Abin da muke cewa shi ne jami'a ce wurin da ya dace a zauna a tace, a ga wadda ta zauna a bakin jama'a a bar ta, wadda kuma take da takwararta a Hausa a yi amfani da ta gida. A fagen kokowa ma aikin ya fi gaggawa. Tsofaffin 'yan kokowa suna da suna ga kowane kamu da kowane salon kaye, kuma sunayen kan bambanta daga Gobir zuwa Katsina, daga Arewa zuwa Damagaram. In ɗalibai ba su je da na'ura sun naɗi bayanin waɗannan dattawa ba, za a wayi gari duk abin da mai sharhi zai iya faɗa shi ne ya ɗauke shi ya kayar, alhali kaye iri-iri ne.

Abin da muke da shi a gida

Nijar ba baƙuwar rediyo ba ce. An kafa Radio Niger a 1958, wadda ta koma Muryar Sahel a 1974. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo, inda manoma ke taruwa su saurari shiri, su yi muhawara, a naɗi ra'ayinsu a mayar a iska. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, R et M ta fara a Yamai a 1994, Anfani ta biyo baya, sannan irin su Tenere da Sarauniya. A 1999 aka buɗe rediyon karkara ta farko a Bankilare mai aiki da hasken rana, yau kuwa irinta sun haura ɗari a faɗin ƙasa. Makarantar koyon aikin jarida ta IFTIC da ke Yamai, wadda yanzu ake kira ESSCOM, ta yaye da dama daga cikin manyanmu.

Ta fannin wasanni ma ba mu da abin jin kunya. Issaka Dabore ya kawo mana lambar tagulla a damben zamani daga Munich a 1972. Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo ta azurfa a tekwando daga Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Wa zai manta da Oktoban 2010, ranar da Mena ta doke Masar ɗaya da nema a Yamai da ƙwallon Moussa Maazou, abin da ya share mana hanyar zuwa gasar cin kofin Afirka ta 2012, muka kuma koma a 2013? Mafi yawan 'yan ƙasa a akwatin rediyo suka ga waɗannan ranaku.

Sai uwa-uba, kokowar gargajiya. A 1975, zamanin Seyni Kountché, aka yi gasar takobi ta farko a Tawa, kuma ɗan jaharmu ta Maraɗi, Yakuba Ango wanda aka fi sani da Kantu, shi ya fara ɗaukar takobin. Sunansa ne filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da shi. Bayansa jahar ta fitar da irin su Umaru Ali Bindigau. A 'yan shekarun nan kuwa Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, ya kafa tarihi da ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Jahohi takwas, kowace da 'yan kokowa goma, mutum 80 ke nan, kwana goma ana gwabzawa, ƙasa gaba ɗaya ta koma kunne.

To amma kafin ɗan kokowa ya kai wannan dandali, daga ina ya fito? Daga ƙauye. Daga kokowar kaka da ake yi bayan an ɗaure damman hatsi, a filin kasuwa ko ƙofar maigari, ganga na tashi, samari na kirari. Daga nan a tace a matakin kwamin, a je gunduma, a je jaha. Wannan matakin na ƙasa shi ne tushen komai, shi ne kuma wanda makirho ya fi ƙarancin zuwa.

Ina El Alasan Mairairai a cikin wannan lissafi?

El Alasan Mairairai, ko El Allassane Maïreyrey kamar yadda takardun gwamnati ke rubutawa, ɗaya ce daga cikin kwamin takwas na gundumar Mayahi, tare da Mayahi kanta, Atantane, Gidan Amumun, Isawan, Kanambakashe, Sarkin Hausa da Cake. Tana makwabtaka da Urafan ta gundumar Tasawa. Ƙasa ce ta jigawa kamar yadda sunanta ya nuna, ta manoman hatsi da wake da makiyaya, inda da an gama aikin gona matasa da yawa ke kama hanyar cin rani, wasu Najeriya, wasu Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya.

Ka tsayar da yaro ɗan kwaleji a irin waɗannan garuruwa ka tambaye shi 'yan wasan Real Madrid ko Barcelona, zai jero maka su har da na benci. Ka tambaye shi wanda ya kayar da kowa a kokowar garin da ke kilomita goma daga nasu, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne. Abin da aka kawo masa a gidan kallo da wayar salula shi ya sani. Wasan da ba a ba da labarinsa ba kamar ba a yi shi ba ne: ba mai tallafa masa, ba mai zuwa neman gwani a cikinsa, sakamakonsa kuma iska ke tafiya da shi.

A nan ne jami'a ke da rawar takawa. Jahar Maraɗi na da jami'ar gwamnati tun 2010, wadda ta tsiro daga cibiyar koyon fasaha da aka buɗe a 2008, take kuma ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, tsohon ministan ilimi. An san ta da fannonin noma, kimiyya da kiwon lafiya. Akwai kuma jami'o'i masu zaman kansu a birnin, irin su Maryam Abacha da aka kafa a 2013. A cikin ɗalibansu akwai 'ya'yan Mayahi da Tasawa da ke komawa gida kowane hutu. Ba sai wanda ke karatun jarida ne kaɗai zai iya riƙe makirho ba. Ɗalibin likitanci zai fi kowa iya bayyana wa ɗan kokowa haɗarin shan ƙwaya don neman ƙarfi, da yadda ake kula da targaɗe. Mai karatun lissafi ya riƙe teburin maki.

Sai dai akwai abin da ya kamata a fahimta game da yadda zangon FM ke tafiya. Muryarsa a miƙe take tafiya, kusan iyakar inda ƙarfen eriya ke hange, kuma tashoshin makarantu da ƙaramin ƙarfi ake ba su izini. Shi ya sa tashar Kano ko ta Samaru ba ta isowa akwatinmu, haka kuma ko wace irin ƙaramar tasha aka kafa a harabar jami'a a Maraɗi, da wuya ta kai Tasawa mai nisan kimanin kilomita 120, balle ƙauyukan da ke can cikin jigawa. Saboda haka maganin ba dogon ƙarfe ba ne, haɗin gwiwa ne. Rediyoyin karkara suna da eriya a kusa da jama'a, amma suna fama da ƙarancin ma'aikata da horo. Jami'a na da matasa da malamai, amma muryarta ba ta nisa. Kowane na riƙe da abin da ɗayan ya rasa.

A aikace, ɗalibin da ya samu horo a lokacin karatu, in ya zo hutu sai ya zama wakilin wasanni na garinsu. Ya je kokowa ko wasan ƙwallon 'yan kwaleji, ya aika da rahoton minti uku ta WhatsApp. A tattara rahotannin kwamin-kwamin a haɗa shiri guda na mako, a tura wa rediyoyin karkara su saka, a kuma ɗora shi a Facebook domin ɗan cin ranin da ke Legas ko Tamanrasset ya ji cewa ƙanensa ya yi kaye. A ajiye kowane shiri da kwanan watansa. Bayan shekara goma, an samu tarihin wasannin yanki wanda yau babu inda aka rubuta shi sai a ƙwaƙwalwar tsofaffi.

Ba a rasa ƙalubale ba

Kada mu yaudari kanmu, abin na da wuyarsa. Na farko kuɗi. Tashar makaranta ba ta kasuwanci ba ce, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas, ga kuɗin kira da na man babur. Ɗalibin da ke jiran alawus ɗinsa na karatu ba za a ce ya ciro jika biyu daga aljihunsa kowane mako don aikin jama'a ba. Dole a ware wani abu, komai ƙanƙantarsa, a kuma rubuta shi a kasafi.

Na biyu ɗorewa. Ɗalibi baƙo ne, shekara uku ko huɗu ya tafi. Ranar da ya ƙware ita ce ranar da zai yi ban kwana. In ba a sa na aji uku ya riƙa jan na aji ɗaya ba, kowace shekara daga farko za a koma. Lokacin jarrabawa da yajin aiki ma shirye-shirye kan tsaya, mai saurare kuwa in ya zo sau biyu bai tarar da kai ba, ya yi wani wurin.

Na uku, wanda ya fi kowane haɗari, son kai. Kokowa tsakanin gari da gari ba wasa ba ce kawai, akwai martaba a ciki, wani lokaci har da tsohuwar jiƙaƙƙa ta gona ko ta sarauta. Kalma guda ta izgili daga bakin mai sharhi, ko zargin alƙali da cin hanci ba tare da hujja ba, na iya sa a tashi da sanduna. Maroƙi aikinsa ne ya wasa gwaninsa ya kushe abokin karawarsa, kuma kowa ya san matsayinsa. Mai sharhi ba maroƙi ba ne, na kowa ne. Haka nan cacar ƙwallo ta wayar salula da ke cinye kuɗin matasa a birane da ƙauyuka, bai kamata tashar makaranta ta zama mai yi mata talla ba, ko da kuwa ita ce ta zo da kuɗi a hannu.

Na huɗu 'yan mata. A gidajen rediyonmu mata na karanta labarai, suna gabatar da shirye-shiryen lafiya da na iyali, amma fagen wasanni an bar wa maza kamar gado. Harabar jami'a, inda malamai ke sa ido kuma iyaye suka fi samun natsuwa, ita ce wurin da ya fi sauƙi ɗaliba ta fara, ko da da wasannin 'yan uwanta mata ne na ƙwallon hannu da guje-guje.

Kiranmu

Muna kira ga shugabannin jami'o'in da ke Maraɗi da su ɗauki sharhin wasanni da Hausa a matsayin darasi na gaske, su kuma nemi zumunci da takwarorinsu na Kano da Zariya. Harshe ɗaya muke yi, hanyar Ɗan Isa da Jibiya kuma ba baƙuwarmu ba ce. Muna kira ga masu riƙe da ragamar kwamin-kwamin na Mayahi da Tasawa, da sarakunanmu, da su riƙa sanar da ranakun kokowa da wasannin makarantu tun da wuri, su kuma tanadi wurin zama ga mai ɗauko rahoto. 'Yan kasuwarmu da ke ba da buhun shinkafa ko babur ga wanda ya yi kaye, su tuna da wanda zai kai labarin kayen gaba. Mu kuma ma'aikatan rediyo, tsofaffi da sababbi, mu buɗe wa waɗannan yara ƙofa in sun zo neman koyo, kada mu ɗauke su kishiyoyi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma ɗalibai, 'ya'yan El Alasan Mairairai da Urafan da Kanambakashe da ke karatu a birni, kada ku jira sai an gina muku ɗakin watsa shiri mai sanyi. Wayar da ke aljihunku tana naɗar murya. Hutun da ke tafe, ku je filin garinku da takarda da alƙalami, ku rubuta sunaye, ku yi sharhin minti goma, ku saurara, ku kai wa rediyon da ta fi kusa da ku. Kantu ma daga dandalin ƙauye ya fara.

Allah ya sa mu dace. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili.